Takardar da Ba Ta Iso Ba

Direban motar kasuwa ne ya kawo mini ita, ranar da ya dawo daga Birnin Kebbi da lodin siminti. Ya zaro ambulan daga aljihun gaban mota, duk ya sha ƙura da tabon baƙin mai, ya ce wani ne ya ba shi a tasha, ya ce ya miƙa wa ma'aikacin gwamnatin da ke ƙauyenmu. A tsaye na buɗe, a gindin darbejiyar bakin masallaci. Layi shida ne kacal. An kore ni daga aiki saboda barin wurin aiki ba da izini ba, da kuma ƙin amsa takardar tuhumar da aka ba ni. Sau uku ina maimaita wannan layi na ƙarshe, domin ni dai idona bai taɓa ganin wata takardar tuhuma ba. Shekarata goma sha ɗaya ke nan a bakin aiki, ina mataki na 8, ko gargaɗin baki ba a taɓa yi mini ba.

Ba zan kama sunan ma'aikatar ba, ba kuma zan kama sunan kowa ba. Wasu daga cikinsu har yau muna haɗuwa a wurin suna da jana'iza, kuma ba don in tozarta wani na ɗauki alƙalami ba. Na ɗauka ne saboda ƙananan ma'aikatan da ke can ƙarshen hanya, waɗanda takarda ke kwana uku ko mako uku kafin ta same su, in ma ta same su.

Wanda bai san ƙasar Bagudo ba, zai yi wuya ya fahimci yadda abin ya faru. Kogin Kwara ya ratsa ƙaramar hukumar. In ka haye ta gadar Tuga ka nufi Ka'oje, da Illo, da Lolo, da Tsamiya, to ka shiga yankin da Jamhuriyar Benin ta fi hedkwatar jiharka kusa da kai. Daga Tsamiya Segbana ake fuskanta, daga Lolo kuma Madekali da Malanbil. Dandawa da Fulani da Kyangawa da Bussawa da Hausawa suna zaune hayi da hayi, ana auratayya, ana cin kasuwa ɗaya, naira da sefa suna kwana a aljihu guda. Mai ɗakina ma danginta na uwa a can suke. A watan Agustan 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa, a watan Nuwamba kuma aka hana kai man fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga bakin iyaka. Mu da muke zaune a wurin mun san abin da hakan ya jawo: kuɗin kabu-kabu ya tashi, zuwa hedkwata ya zama tafiyar da sai an yi mata tanadi.

Sai ga daminar 2020. Duk mutumin Kebbi yana tuna ambaliyar wannan shekara, yadda ta shafe gonakin shinkafa a fadamu, ta yanke hanyoyi, ta cinye ƙananan gadoji. A tsakiyar wannan hali Inna ta faɗi. Cikin dare numfashinta ya soma sarƙewa, ƙafafunta suka kumbura. Hanyar da za ta kai mu babban asibiti a ɓangarenmu ruwa ya shafe ta. Da asuba na kira shugaban sashenmu a waya na gaya masa. Ya ce, "Haba, wannan har sai ka tambaya? Je ka, Allah ya ba ta lafiya." Muka ɗora ta a babur, ni a baya ina riƙe da ita, muka bi hanyar gona muka tsallaka iyaka, muka kai ta wani ƙaramin asibiti a can hayin. Kwana tara muka yi. A cikin kwanakin nan tara ne ayarin masu tantance ma'aikata ya biyo ta kwale-kwale, suka tarar da ƙofata a kulle.

Sauran labarin daga baya na haɗa shi. An sa sunana a jerin masu gudun aiki. An tsayar da albashina, na ɗauka matsalar banki ce, domin ba sabon abu ba ne a wurinmu. An buga takardar tuhuma, wadda muke kira kwiri a ofis, aka ba ni awa 48 in kare kaina, aka jefa ta a wani akwatin wasiƙu a hedkwata, tana jiran ranar da zan leƙo. Kwamiti ya zauna, ya ga babu amsa, ya ce shirun nan amsa laifi ne. Shugabana da ya ce in je, da aka tambaye shi, sai ya ce bai tuna mun yi magana ba. Na daɗe ina jin zafin wannan. Yanzu na fahimci cewa shi ma tsoro ne ya kama shi, don ba shi da ikon ba da hutu da baki, kuma ya san haka.

Abin da na yi bayan samun takardar shi ne abin da kusan kowane Bahaushe zai yi: na shiga kamun ƙafa. Na je wurin hakimi, ya karɓe ni da mutunci, ya ce zai yi magana. Na je gidan wani ɗan siyasa na yi zaman jira tun hantsi har la'asar. Na sami wani babban malami da ake jin maganarsa, ya kira waya a gabana. Ko'ina amsa ɗaya ce: ka yi haƙuri, ana dubawa. Duk wanda na ambata wa kotu sai ya girgiza kai. Wani ya ce ba a faɗa da gwamnati. Wani ya ce in na kai ƙara na rufe ƙofar sulhu da hannuna. Wani kawuna ya ce, "Ɗana, shari'a mace ce da ciki, ba a san abin da za ta haifa ba. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne." Ban raina shawararsu ba, kuma har yau ina ganin neman sulhu ta hannun manya abu ne mai kyau. Illarsa ɗaya ce: yana cin kwanaki, kuma babu wanda ya gaya mini cewa kwanakin nan ƙidaya su ake yi. Mako bakwai na kashe a haka.

Wanda ya farkar da ni wani tsohon akawu ne a garin Bagudo, abokin marigayi mahaifina. Ya kama aiki tun zamanin Jihar Arewa maso Yamma, ya yi Jihar Sakkwato, ya yi ritaya a Jihar Kebbi bayan an ƙirƙiro ta a 1991. Na je gaishe shi ne kawai. Yana zaune a kan buzu a zaure, ya sa tabarau mai ɗaurin zare a kunne ɗaya, ya karɓi takardar ya kai ta bakin ƙofa inda haske yake. Bai tsaya kan laifin da aka ce na yi ba. Yatsansa ya ɗora a saman takardar, inda kwanan wata yake.

"Yaushe ta zo hannunka?"

Na gaya masa. Ya ƙirga da yatsu, ya ce an rubuta ta mako uku kafin ta iso ni, ga kuma bakwai da na ɓatar. "Saura maka mako uku, yaro. Wa ya sa hannu ya karɓi kwirin da suke magana?"

"Baba, ban taɓa ganinta ba."

"To, ka sa hannu a littafin masinja?"

"A'a."

Ya cire tabaran ya ce, "Gobe da asuba ka kama hanyar Birni, ka nemi lauya. Ka ci gaba da gaishe da manya, amma ka nemi lauya."

A wannan zama ne ya bayyana mini inda tsoron kai gwamnati ƙara ya samo asali, domin shi ya gani da idonsa. A 1975 gwamnatin Janar Murtala ta sallami ma'aikata sama da dubu goma a faɗin ƙasa, da yawansu a rediyo suka ji. A 1984 gwamnatin soja ta kafa doka mai lamba 17, wadda ta ba da ikon korar ma'aikaci, ta kuma hana kotu sauraron ƙararsa. Mutanen da suka rayu a wannan zamani su ne iyayenmu da kawunnanmu, kuma abin da suka gani shi suke gaya mana. Gaskiya suke faɗa game da zamaninsu. Amma dokar sojan nan ta tafi da mulkin soja, labarinta ne ya rage a zaure yana hana mutane motsi.

Kwanakin da yake ƙirgawa daga dokar kare jami'an gwamnati suka fito, wadda ta ce duk mai ƙarar jami'in gwamnati kan abin da ya yi a bakin aikinsa, to ya shigar cikin wata uku. Lauyar da na samu, wata mata ce mai natsuwa da ƙarancin magana, ta gaya mini cewa a 2019 Kotun Ƙoli ta yanke cewa wannan wa'adi bai shafi rigimar aiki tsakanin ma'aikaci da ma'aikatarsa ba. "Amma Malam," in ji ta, "ba zan ɗora abincin 'ya'yanka a kan hukunci ɗaya ba. Mu shigar kafin wata uku, mu ƙirga daga ranar da ke jikin takarda." Allah ya saka mata da alheri. A 2021 Kotun Ƙolin ta sake duba irin wannan batu a shari'ar wasu ma'aikatan Jami'ar Aikin Gona ta Makurɗi, ta ce wa'adin ya hau kansu, ƙararsu ta faɗi saboda jinkiri. Lauyar ta kuma gaya mini abu biyu da ban sani ba. Rubuta takardar koke zuwa ga manyan ofis ba ya tsayar da agogon nan. Sannan akwai hukumomin da dokar da ta kafa su ta ce sai an ba su sanarwar wata guda kafin a kai su kotu. Da tamu na cikinsu, da mako ukun da ya rage mini bai isa ba.

Ni a tunanina babbar kotun jiha za mu. Ta ce a'a. Tun gyaran tsarin mulkin da ya soma aiki a 2011, duk wata rigimar aiki, ko kora ce, ko dakatarwa, ko albashi, ko fansho, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce kaɗai ke da hurumin saurarenta, bisa sashe na 254C. Ta tuna mini da Sanusi Lamiɗo Sanusi. Da Shugaba Jonathan ya dakatar da shi daga gwamnan Babban Banki a watan Fabrairun 2014, Babbar Kotun Tarayya a Abuja ya nufa, amma alƙali ya ce ba huruminsa ba ne, ya tura maganar Kotun Ma'aikata. In mutum mai manyan lauyoyi zai ƙwanƙwasa ƙofar da ba ita ba, ina ga ɗan mataki na 8 daga bakin iyaka? A Sakkwato muka shigar. Duk ranar zama sai in kwana a hanya, in bi ta Koko da Jega da Tambuwal, in sauka gidan wani ɗan ajinmu.

Na shiga ofishinta da niyyar in ba da labarin Inna, da ruwa, da babur, da daren da na kwana a kan benci. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce duk wannan zai yi amfani, amma ba shi ne ƙashin bayan shari'ar ba. Alƙali ba zai fara da tambayar ko ni mutumin kirki ne ba. Zai fara da tambayar ko an bi ƙa'ida. Ta ce in kawo takardar ɗaukata aiki, da ta tabbatar da ni, da ta ƙarin girma na ƙarshe. Nan na gane darajar wata tsohuwar jakar leda da mai ɗakina ta adana a ƙasan akwatin kayan aurenta. Duk takardun suna ciki, har da rasiɗin asibitin hayi, da Faransanci, da hatiminsu mai shuɗin tawada da kwanan wata a kowane shafi. Ni da na so in yar da su tun a can. Sai da aka nemo mai fassara ya mayar da su Turanci, ya yi rantsuwa a kan fassararsa, kafin kotu ta karɓa.

Dalilin neman takardar tabbatarwa shi ne, doka ta raba ma'aikata gida biyu. Akwai wanda aikinsa yarjejeniya ce kawai tsakaninsa da mai gida, kamar ma'aikacin kamfani ko ɗan wucin gadi. Irin wannan in an kore shi ba daidai ba, galibi diyya kotu ke ba shi. Akwai kuma wanda doka ce ko ƙa'idojin aikin gwamnati suka tsara yadda za a ɗauke shi da yadda za a cire shi. Shi wannan in aka tsallake matakan, korar ba ta koru ba, kotu tana iya cewa har yanzu ma'aikaci ne, a mayar da shi a biya shi abin da ya wuce. Kotun Ƙoli ta kafa wannan tun 1981 a shari'ar Shitta-Bey, wani lauyan gwamnatin tarayya da aka yi wa ritayar dole, inda ta nuna cewa ma'aikacin gwamnati ba ya zama a kujerarsa bisa ganin damar wani. Ta ƙara ƙarfafa shi a 1985 a shari'ar Olaniyan da Jami'ar Legas. Ina yawan tuna masu gadi da masu shara da ke ƙauyukanmu, waɗanda suka shekara goma suna aiki ba su da ko takarda ɗaya mai sunansu. Su in aka ce kada su sake zuwa, ba su da abin ɗauka su kai ko'ina. Wannan yana damuna ƙwarai.

Matakan kuwa ba ɓoyayyu ba ne, a rubuce suke. Ƙa'idojin aikin gwamnatin tarayya, waɗanda na jihohi suka kwaikwaya, sun ce a sanar da ma'aikaci a rubuce abin da ake tuhumarsa da shi, a ba shi lokaci ya amsa. In za a kafa kwamitin bincike, a bar shi ya bayyana a gabansa, ya ga takardun da za a kafa hujja da su, ya yi wa shaidu tambayoyi. Sun bambanta dakatarwar da ake biyan rabin albashi da wadda ba a biyan komai. Sun kuma fayyace wa ke da ikon hukunta wa, domin babban ma'aikaci ba kowane darakta ne ke iya korarsa ba, sai hukumar da doka ta ba wannan iko. A saman duk wannan akwai sashe na 36 na tsarin mulkin 1999, wanda ya ba kowa haƙƙin a saurare shi da adalci. Shekara goma sha ɗaya ina aiki ban taɓa buɗe littafin nan ba. Na san ranar biyan albashi, na san lokacin ƙarin girma, amma babin ladabtarwa na ɗauka na masu laifi ne, ba ruwana da shi.

Wani abin da ya tsaya mini a rai shi ne, wannan ƙa'ida ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Limamin ƙauyenmu, da na ba shi labari, ya tuna mini ƙissar Annabi Sulaimanu da alhudahuda a Suratun Namli. Ya duba rundunarsa bai ga tsuntsun ba, ya yi alkawarin hukunci mai tsanani, amma ya bar ƙofa a buɗe ko zai zo da hujja bayyananniya. Da ya zo aka saurare shi, aka kuma bincika ko gaskiya ya faɗa. Laifin barin wurin aiki ke nan, ga kuma yadda aka bi da shi. Mu mutanen ƙasar Gwandu ne, ƙasar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rubuta Liya'ul Hukkami don shiryar da masu mulki da masu hukunci. Bai kamata a ce sai alƙali mai gashin doki ya tuna mana cewa ba a yanke wa mutum hukunci a bayan idonsa ba.

Wani ƙanen surukata, malamin makaranta ne a can Benin, ya zo duba Inna. Da ya ji abin da ya faru, tambayarsa ta farko ita ce, "Sun nuna maka fayil ɗinka?" Na ce wane fayil? Ya yi mamaki. Ya ce su a tsarin da suka gada daga Faransa, kafin a gurfanar da ma'aikaci gaban majalisar ladabtarwa sai an ba shi fayil ɗinsa ya karanta. A Faransa wannan haƙƙi ya samo asali tun wata doka ta 1905. Ba cewa nake yi can aljanna ce ba, shi ma ya ba ni labarin nasu kukan. Amma na ga bambanci ɗaya: shi ya san haƙƙinsa kamar yadda ya san sunansa, ni kuwa sai da wuta ta kama rigata.

Shari'ar ta ɗauki kusan shekara biyu. Yawancin ɗage zaman daga ɓangaren waɗanda muke ƙara yake zuwa, yau lauya bai zo ba, gobe shaida yana wani aiki. Na sayar da babur. Na koma noman albasa da rani a gonar kawuna, mai ɗakina ta kama suyar ƙosai. Duk lokacin da na karaya sai in tuna malaman Jami'ar Ilorin su 49 da aka kora a 2001, waɗanda ba su ga ƙarshen shari'arsu ba sai a 2009, lokacin da Kotun Ƙoli ta ce a mayar da su, wasunsu ma sun riga mu gidan gaskiya kafin ranar. Duk wanda zai ba ka shawarar zuwa kotu bai gaya maka wannan ɓangaren ba, to bai gama gaya maka gaskiya ba.

Ranar da ba zan manta ba ita ce ranar da aka kawo littafin masinja. Babban littafi ne mai baƙin bango, gefensa ya lanƙwashe don yawan buɗawa. Lauyata ta roƙi shaidansu ya buɗe shafin da aka rubuta kwirina. Ya buɗe. Ga lambar takarda, ga sunana, ga kwanan wata. Ta ce ya karanta wa kotu abin da ke gurbin sa hannun wanda ya karɓa. Ya duba, ya ɗago kai, ya ce babu komai. Ta tambaye shi sunayen 'yan kwamitin da suka ba da shawarar a kore ni. Ya karanto. Ta ce, na biyun nan, ba shi ne ya jagoranci ayarin da ya kai rahotona ba? Ya ce shi ne. Ta zauna. Daga baya ta gaya mini cewa tun 1986, a shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri, Kotun Ƙoli ta rushe korar ɗalibai, kuma cikin dalilanta har da cewa shugaban kwamitin binciken yana cikin waɗanda tarzomar ta shafa. Mai ƙara ba ya zama alƙali.

Kotu ta ce korar ba ta inganta ba, a mayar da ni, a biya ni albashina na baya. Na ɗauka shi ke nan. Ashe tsakanin hukunci da biya akwai wani kogin. Takardar komawa aiki ta ɗauki watanni, ariyas kuwa kashi-kashi aka riƙa sakinsa. Na tambayi lauyata ko ba za a kama kuɗin daga asusunsu ba, ta ce dokar aiwatar da hukunci ta ce kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati ba a taɓa shi sai da yardar babban lauyan gwamnati. A nan ne kamun ƙafar da na yi a baya ya yi rana. Hakimin da ɗan siyasar da ba su iya soke kora ba, sun iya sa fayil ya tashi daga wannan tebur zuwa wancan, yanzu da akwai hukuncin kotu a cikinsa. Sakataren ƙungiyarmu ta ma'aikata ma ya yi ta zirga-zirga, kuma na yi nadamar rashin zuwa wurinsa tun ranar farko. Haka na ji labarin Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa tun 1975, tana da ofis a kowace jiha, ba ta karɓar ko kwabo, sai dai ba ta shiga maganar da ta riga ta je kotu. Wanda ba shi da kuɗin lauya, ko wanda hukuncinsa bai kai kora ba, can ya kamata ya fara, yana kuma lura da kalanda.

Akwai wata gaskiya da ba na so labarina ya rufe ta. Gudun aiki a ƙauyukan bakin iyaka ba ƙage ba ne. Na san asibitin da ma'aikacinsa ke zaune a birni, sai ƙarshen wata ya leƙo. Na san makarantar da ke da malamai bakwai a takarda, biyu a aji. Matan da ke haihuwa a kan hanyar Malanbil saboda babu kowa a asibitin garinsu, su ma suna da haƙƙi, kuma ba su da lauya. Masu tantancewar da suka shigo kwale-kwale cikin ambaliya ba mugunta ta kawo su ba, aikin da ya kamata suka fito yi. Abin da nake cewa shi ne, gaggawa da tsallake ƙa'ida ba sa taimakon waɗannan mata. Shugaban da ya jefa kwiri a akwati ya kira shi isarwa, ya buɗe wa mai laifin gaske ƙofar da zai bi ya dawo, da ariyas ɗinsa, daga baitulmalin jama'a. Da an aiko masinja, ko an ba shugaban sashe takardar ya kawo da hannunsa ya karɓi sa hannu, da mai gaskiya ya kare kansa cikin kwana biyu, mai laifi kuma ya tafi tafiyar da babu dawowa. Kuɗin man babur ɗaya ne ya gagara, aka biya albashin shekara biyu ba a yi aikinsa ba.

Tun da na koma nake gaya wa yaran da ake turo mana abubuwan da na koya da tsada. In za ka yi ko kwana ɗaya ba ka nan, rubuta, ko da a takardar littafin ɗan makaranta ce, ka riƙe kwafi, ka ɗauki hotonta a waya ka tura. In shugaba ya ce maka je ka da baki, ka gode masa, sannan ka aika masa saƙon tes ka maimaita abin da ya ce. In an ba ka kwiri kada ka ƙi karɓa don fushi, kada kuma ka amsa da zafin rai. Rubuta ranar da awar da ta zo hannunka kusa da sa hannunka, ka amsa abin da aka tambaye ka ɗaya bayan ɗaya. In albashi ya tsaya, kada ka ce banki ne, je ka tambaya a rubuce. Wasu suna ganin wannan rashin yarda ne da manya. Ni kuwa na ga yadda rashin takarda ya sa mutumin kirki ya ce bai tuna ba. Da na tura masa saƙo a asubar nan, da na tsare kaina, da shi ma na tsare shi daga faɗin abin da na tabbata yana cizon yatsa a kai.

Wata biyu da komawata, sai ga masinja a kan babur, da baƙin littafin nan a ɗaure a bayansa. Sabuwar kwiri ce, a kan waɗancan kwanaki tara. Kotu ta rushe korar ne saboda ba a saurare ni ba, ba ta ce ban bar wurin aiki ba. Na sa hannu, na rubuta ƙarfe goma sha ɗaya da kwata. A daren na zauna da fitila na rubuta amsa shafi biyu. Na ce gaskiya ne na tafi ba tare da izini a rubuce ba, gaskiya ne na tsallaka iyaka a lokacin da take rufe, ga dalilina, ga rasiɗan asibiti. Aka kira ni gaban wani kwamiti na mutum uku, babu ko ɗaya daga cikin na farko. Suka tambaye ni, na amsa, shugabar kwamitin ta tambayi jikin Inna, na ce ta rasu bara. Suka yi mata addu'a.

Gargaɗi a rubuce suka ba ni, kuma ban ɗaukaka ƙara ba, domin na cancance shi. Yana cikin jakar ledar nan yanzu, a ƙasan akwati, tare da takardar korar da hukuncin kotu da rasiɗan Inna.